Ƙwaron Da Ƙahonsa Ya Ninka Jikinsa Uku

Idan ka taɓa tsayawa a gindin tsohon mangwaro ko ɓaure ka ga wani gari ja-ja ya taru a ƙasa, ka ɗaga kai ka hango ɗan rami a jikin itacen yana tsiyayar da ruwa mai danƙo, to ka riga ka ga aikin dangin ƙwaron da zan yi maka bayani. Da yawanmu gara muke ɗora wa laifi. Amma ita gara da ƙasa take aiki, sai ta yaɓa hanyarta a bayan itace tukuna. Wannan garin kuwa daga ciki ake turo shi, kuma sau da yawa mai turowar wata tsutsa ce fara mai kauri, tana zaune a tsakiyar itacen tana ci. Ranar da ta gama zamanta sai ta rikiɗa, ta fito ƙwaro mai taurin baya da dogayen ƙahoni biyu sirara a goshi. Manoman kashu a Najeriya da Benin da Gana sun san wani daga cikinsu farin sani: baƙi ne mai ratsi uku ruwan lemo, yana gurgurar reshe yana zagaye shi har reshen ya bushe ya karye, kuma yakan taɓa kuka da rimi. A littattafan masana sunansa Analeptes trifasciata.

Dangin nan yana da yawa fiye da yadda kake zato. Masu nazarin ƙwari suna ce musu Cerambycidae, mu kuma a nan mu kira su ƙwari masu dogon ƙaho. Waɗanda aka riga aka gano aka raɗa wa suna sun haura nau'i 35,000, kuma kowace shekara sai an ƙara samun sababbi. Akwai wanda bai wuce 'yan milimitoci ba, akwai kuma na dajin Amazon mai suna Titanus giganteus da jikinsa ke haura santimita 16. Duk inda itace ke tsiro a duniya, da wuya ka rasa ɗaya daga cikinsu.

Wanda za mu zauna a kansa yana can nesa da mu. Ɗauko taswira, ka nemi ƙasar Indonesiya, ka bi jerin tsibiranta zuwa gabas har ka kusa ƙarshe. Za ka tarar da wani ƙaton tsibiri da ake kira Niyu Gini, ba Gini ta wajenmu ba, wanda in ka cire Girinlan babu tsibirin da ya kai shi girma a duniya. A kudu maso yamma da shi akwai wasu tsibirai marasa tuddai, cike da kurmi da fadamu, sunansu Aru. Yamma da Aru akwai tsibiran Kai. Can kudu kuma, ƙetaren ruwa, wani tsinin ƙasar Ostireliya ya miƙo arewa, ana ce masa Cape York. A waɗannan wurare huɗu ne ake samun ƙwaron da ake kira Batocera wallacei, wato ƙwaron Wallace.

To ga abin tambaya. Ƙwaro ne mai nauyi. Yana tashi, amma tashinsa daga wannan itace zuwa wancan ne, da ƙugi da jan jiki. Bayan ya yi fiffike kuma, kwanakinsa a duniya ba su da yawa. Yaya aka yi ƙwaro irin wannan ya zama ɗan gida a ƙasashe huɗu da teku ya raba? Ba za mu iya amsa wannan ba sai mun san shi kansa, saboda haka mu fara da jikinsa.

Mu ɗauka namiji ne a tafin hannunka. Tsawon jikinsa ya kai santimita 8, wani ma ya ɗan ɗara. Launinsa tsakanin toka-toka da ƙasa-ƙasa mai duhu, wani da ɗan kore-kore, bayansa kuma da ɗigo-ɗigon fari. Abin da kake gani mai tauri a bayan nan fukafukansa ne na gaba, sun taurare sun zama murfi. Na tashin suna naɗe a ƙarƙashi, sirara, sai zai tashi ya ɗaga murfin ya ware su. Ƙafafunsa shida, kowace da ƙugiya a ƙarshe, shi ya sa in ya kama fatarka ko rigarka sai ka yi da gaske kafin ka ɓamɓare shi. A kowane gefen kafaɗarsa akwai ƙaya guda mai tsini. Fuskarsa a shafe take, tana kallon ƙasa, da muƙamuƙai biyu baƙaƙe da aka yi domin gurgurar ɓawon itace. Ba shi da dafi, amma in ka kai yatsa zai ciza, kuma za ka ji. In ka matse shi kaɗan za ka ji yana wani kuka ƙii-ƙii. Kukan ba daga bakinsa yake fitowa ba: yana gyaɗa wuyansa ne sama da ƙasa, sai gefen ɓawon wuyan ya riƙa gogar wani wuri mai kaushi a bayansa.

Yanzu dubi ƙahonin. A jikin babban namiji, ƙaho ɗaya yana haura santimita 20, wato taƙi guda cur na babban mutum, kusan ninki uku na jikin da ke ɗauke da shi. Na macen bai kai haka ba, ya dai ɗan zarce jikinta. Ba sanda ɗaya ba ne miƙaƙƙe. Gaɓoɓi goma sha ɗaya ne a jere, kowace tana lanƙwasawa, shi ya sa yake iya kai shi gaba, ya kai shi baya, ya share gefe da gefe. In ka duba da kyau za ka ga har idonsa ya lanƙwasa ya zagaye gindin ƙahon, ya ba shi wuri.

Mun ce masa ƙaho ne don siffarsa, amma ba ya tunkuyi da shi. Da shi yake shinshina, da shi yake lalube. A jikin kowace gaɓa akwai ƙananan gasu da ramuka dubbai, ido ba ya ganinsu sai da madubin ƙara girma, kuma da yawansu suna kama warin da iska ta ɗauko su aika wa ƙwaƙwalwa. Da dare yake fita, a cikin kurmin da ko da rana ma haske da ƙyar yake sauka ƙasa. A irin wannan wuri ido ba ya kai ka nesa, hanci ne ke kai ka. Itacen da ya ji rauni, ko iska ta karya shi, ko tsufa ya fara cinsa, yakan fitar da wari na dabam da na lafiyayye, har da ɗan sinadarin barasa da ake kira itanol. Mace mai neman inda za ta yi ƙwai tana bin wannan warin har ta sauka a kan itacen. Namiji ma can yake nufa, don ya san can zai same ta.

To me ya sa na namijin ya fi tsawo haka? Bayanin da masana suka bayar game da wannan dangi yana da sauƙin kamawa. A kan gungumen itace cikin duhu, namiji ba ya gane mace da gani. Sai ƙahonsa ya taɓa ta, ya ɗanɗani wani maiƙo da ke shafe a bayanta, sannan ya tabbatar mace ce kuma irinsa ce. Wanda ƙahonsa ya fi tsawo ya fi share fili mai faɗi a kowane taku, shi zai riga taɓa ta. In kuma maza biyu suka haɗu, da ƙahoni da ƙafafun gaba suke ture-ture, har da cizo, kuma ƙafafun gaba na namijin ma sun fi na macen tsawo. Wanda ya yi rinjaye yakan tsaya a kan macen ya tsare ta har ta zuba ƙwai. Ka ga ke nan mai dogon ƙaho ya fi barin 'ya'ya, 'ya'yan kuma su gaji tsawon. In aka yi haka zuriya bayan zuriya, sai a kai ga abin da kake riƙe da shi a hannu. Amma tsawon yana da iyaka, domin ƙaho mai tsawo yana da wuyar ɗauka a cikin sarƙaƙiya, yana kuma karyewa, kuma in ya karye ba ya sake tsirowa.

Duk wannan da muka duba ƙarshen rayuwarsa ne. Mafi yawanta a ɓoye take, kuma a nan nake so ka ƙara natsuwa, don tana da hannu a amsar tambayarmu.

Macen takan sa muƙamuƙanta ta tsaga ɓawon itace, ta juya ta cusa ƙwai ɗaya a cikin tsagar, ta shafe bakin, ta matsa gaba ta sake. 'Yan gidan Batocera sun fi son itatuwan dangin ɓaure da ceɗiya da gamji, da wasu makusantansu da ake cin 'ya'yansu a can. Ka kuwa san halin waɗannan itatuwa: kana sara, farin ruwa mai danƙo zai ɓulɓulo. Wannan ruwan makamin itacen ne. In yana da lafiya, zai cika tsagar da shi ya shaƙe ƙwan ko jaririyar tsutsar. Shi ya sa macen ta fi neman wanda ƙarfinsa ya ragu, ko wanda ya faɗi bai jima ba, ɓawonsa da sauran danshi amma ba sauran faɗa.

Ba a jima ba sai ƙwan ya ƙyanƙyashe. Abin da ke fitowa ba ya kama da iyayensa ko kaɗan: tsutsa ce fara, ba ƙafa, ba fiffike, ba dogon ƙaho, sai ɗan kai mai tauri da haƙora biyu. Tana farawa da laushin da ke tsakanin ɓawo da katako, inda abincin itacen ke bi, don nan ya fi gina jiki. In ta yi ƙarfi sai ta huda ta shiga cikin katakon sosai. Tana tafiya ne da kumburin da ke jikin gaɓoɓinta, tana tokare bangon ramin tana tura kanta gaba. Abin da ta ci ta fitar, da ɓarɓashin da ta gurgura, wani ta tura shi waje, wani ta danne shi a bayanta ta toshe hanya, don kada tururuwa ko wani maƙiyi ya biyo ta.

Katako fa abinci ne maras kirki. Yawancinsa zare ne mai tauri da cikin mutum ba ya iya narkarwa, abin gina jiki kuma kaɗan ne ƙwarai a ciki. Tsutsar tana da sinadaran narkarwa nata na kanta da ke farfasa zaren, a hanjinta kuma akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, suna taya ta. Duk da haka sai ta ci mai yawa kafin ta sami kaɗan, shi ya sa zamanta ke tsawo. A gidan Batocera akwai nau'in da ke gamawa cikin shekara guda, akwai wanda sai ya yi biyu ko uku. A tsawon wannan lokaci tana yin saɓa sau da dama, duk lokacin da fatar ta yi mata kaɗan.

In ta ƙoshi, sai ta faɗaɗa ƙarshen ramin ya zama ɗan ɗaki, ta toshe ƙofar da zaren katako, ta kwanta. Ba ci, ba tafiya. A cikin wannan kwanciya ce ake rushe jikin tsutsa a gina na ƙwaro: ƙafafu su fito, fukafukai su fito, dogayen ƙahonin nan su fito a nannaɗe don ɗakin ya ɗauke su. Bayan makonni ya zama ƙwaro, amma jikinsa da laushi, sai ya ƙara jira ya taurare, sannan ya gurguri hanya zuwa waje ya bar rami zagayayye a bayansa. Daga ranar nan ba ya ƙara girma. Wannan abu ne da mutane da yawa ba su lura da shi ba: in ka ga ƙaramin ƙwaro da babba iri ɗaya, ƙaramin ba yaro ba ne. Tsutsarsa ce ba ta sami abinci mai kyau ba. Girman da zai yi duka a cikin itace ake yanke shi.

Mutanen Niyu Gini sun san wannan rayuwa tun kafin wani Bature ya rubuta ta. Sukan gane itacen da ke da tsutsa, su faskara shi, su gasa ta su ci, don maiƙo ne da ita. Mu da muke soya fara ba mu da bakin yin mamaki.

Yanzu mu koma ga mutumin da ƙwaron ke ɗauke da sunansa, domin ya hango rabin amsar. Alfred Russel Wallace ɗan Birtaniya ne, an haife shi a 1823. Ba ɗan masu kuɗi ba ne, bai yi jami'a ba, da awon filaye ya fara neman abinci. Sana'ar da ya koma ita ce tattara tsuntsaye da ƙwari daga ƙasashe masu nisa yana aika wa dillalinsa a Landan, Samuel Stevens, yana sayar wa gidajen tarihi da masu sha'awa. Ya yi shekara huɗu a Amazon, amma a hanyarsa ta komawa a 1852 jirgin ruwan ya kama wuta, kusan duk abin da ya ɗauko ya ƙone. A 1854 ya sake fita, wannan karon zuwa tsibiran da yau suke Indonesiya da Malesiya, ya zauna har 1862. Abin da ya tara a wannan tafiya ya kai guda 125,660, fiye da 83,000 daga ciki ƙwari ne masu taurin baya. Masu dogon ƙaho kaɗai sun haura nau'i dubu, kuma wajen ɗari tara daga cikinsu ba a taɓa rubuta su ba. Ya kamata a faɗa cewa ba shi kaɗai ya yi aikin ba. Yana da yara 'yan ƙasa, wanda aka fi sani shi ne Ali, wani saurayi daga Sarawak da ke tsibirin Borneo, ga kuma mutanen ƙauyuka da ke kawo masa abin da suka kamo. Sabon abu ne ga littattafan Turai, amma masu dajin sun daɗe da saninsa.

A watan Janairu na 1857 ya sauka a Dobo, kasuwar tsibiran Aru, a cikin jirgin 'yan kasuwa da ya taso daga Makassar. Ya yi wajen wata shida a can. A shekara mai bi, 1858, wani masanin ƙwari mazaunin Faransa, James Thomson, ya rubuta siffar wannan ƙwaro ya sa masa sunan Wallace. Amma abin da ya fi tsaya wa Wallace a rai a Aru ba ƙwaro ɗaya ba ne. Ya lura cewa dabbobin wurin na Niyu Gini ne sak. Ga kasowari, wani ƙaton tsuntsu mai kama da jimina da ba ya tashi. Ga ƙananan kangaru. Ga tsuntsayen nan masu ado da Turawa ke kira tsuntsayen aljanna, waɗanda ba sa barin kurmi su bi ta kan teku. Ya kuma san cewa ruwan da ke tsakanin Aru da Niyu Gini ba shi da zurfi. Sai ya yanke cewa a da ƙasa ɗaya ce. Shi ya ɗauka ƙasar ce ta nutse. Yanzu an gane cewa ruwan ne ya hau, amma asalin hangensa daidai ne.

Yaya teku zai hau ya sauka? Ka san halin gulbi a ƙasarmu. Da rani ruwa yakan ja baya, tudun da ke tsakiyar gulbin ya haɗe da gaɓa, awaki su taka da ƙafa su je kiwo a kai. Damina na sauka ruwa ya dawo, tudun ya koma tsibiri, duk abin da ke kansa ya maƙale. Baƙon da ya zo a tsakiyar damina ya hango awaki a can zai yi ta tunanin yadda suka yi iyo, alhali ba su yi iyo ba, da rani suka shiga. To teku ma yana da raninsa da daminarsa, sai dai nasa ba na watanni ba ne, na dubban shekaru ne.

Ga yadda abin ke faruwa. Ruwan sama daga teku yake tashi, ya zuba a ƙasa, koguna su mayar da shi. Amma akwai zamunan da duniya ke yin sanyi ƙwarai. A irin wannan zamani, abin da ke zuba a arewacin Turai da arewacin Amurka ƙanƙara ce, kuma ba ta narkewa, sai dai ta yi ta taruwa har kaurinta ya kai kilomitoci. Teku na bayarwa ba a mayar masa, dole ya ragu. Wajen shekara 20,000 da suka wuce, lokacin da sanyin ƙarshe ya kai maƙura, teku ya sauka da kimanin mita 120 ƙasa da inda yake yau. Tekun Arafura kuwa, wanda ke tsakanin Aru da Niyu Gini da Ostireliya, yawancinsa bai wuce zurfin mita 50 zuwa 80 ba. Mashigin Torres da ya raba Cape York da Niyu Gini ma bai kai haka ba. Lissafin a fili yake: duk wurin ya zama tudu. Masana na kiran wannan tsohuwar babbar ƙasa Sahul.

Ba duk filin ne ya zama kurmi mai duhu ba. Da yawansa fili ne mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi. Amma akwai daji a bakin koguna da wurare masu danshi, kuma wannan hawa da sauka ba sau ɗaya ya faru ba, ya yi ta maimaituwa cikin shekaru fiye da miliyan biyu. Ƙwaron da ke iya tashi daga ɓaure zuwa ɓaure ba ya bukatar fiye da haka. Da duniya ta sake ɗumi, ƙanƙara ta narke, ruwa ya dawo ya cinye kwarin, wajen shekara 8,000 da suka wuce ya raba Niyu Gini da Ostireliya. Aru ta zama tsibiri da duk abin da ke kanta.

Akwai wata shaida da nake jin daɗinta ƙwarai. A Niyu Gini da Ostireliya babu maƙwaƙƙwafi, tsuntsun nan mai sarar itace da baki yana ciro tsutsa. Wadda ke yin aikinsa a can wata 'yar dabba ce mai ratsin baƙi da fari, daga cikin masu goyon 'ya'ya a jakar ciki, sunanta Dactylopsila trivirgata. Da dare take hawa itace tana ƙwanƙwasawa, in ta ji inda rami yake sai ta ɓare ɓawon da haƙora, ta zura yatsarta ta huɗu, wadda ta fi sauran tsawo, ta zaro tsutsar. Ina ake samunta? Niyu Gini, Aru, da arewacin jihar Kwinslan ta Ostireliya inda Cape York yake. Ita ba ta da fiffike ko kaɗan. Mai ci da abin ci duk hanya ɗaya suka bi, ruwa kuma ya rufe ta a bayansu.

Wurare uku ke nan sun warware. Saura Kai, kuma a nan bayanin gulbi ba ya aiki. Tsakanin Aru da Kai akwai wani kwari a ƙarƙashin teku mai zurfin dubban mitoci. Ko da ruwa ya sauka da mita 120, wannan wurin bai taɓa bushewa ba, Kai ba ta taɓa haɗewa da Sahul ba. Amma ƙwaron yana can.

A nan ne zaman tsutsar a cikin itace zai yi mana amfani. Itace yana yawo a kan ruwa. Manyan kogunan Niyu Gini, in suka yi ambaliya, sukan tumɓuke itatuwa da saiwarsu su kai su teku, igiyar ruwa da iska su yi gaba da su. Babban ƙwaro ba zai jure wannan tafiya ba. Tsutsar kuwa tana tsakiyar gungume, ta toshe ƙofarta, abincinta na kewaye da ita, kuma dama ba ta da niyyar fita sai bayan watanni. Gungume dubu za su nutse ko gishiri ya kashe abin da ke ciki. Amma in ɗaya tak ya tokare a gaɓar wani tsibiri mai daji, da tsutsotsi maza da mata a cikinsa, ya wadatar, lokaci kuma yana da tsawo. Wannan ita ce hanyar da masana suka fi karkata gare ta wajen bayyana yadda ƙwari masu huda itace suka isa tsibiran da ba su taɓa haɗewa da babbar ƙasa ba. Dubi Fiji, can tsakiyar tekun Fasifik: a tsibirin Viti Levu akwai wani mai dogon ƙaho, Xixuthrus heros, da jikinsa ke kai santimita 15, yana cikin manyan ƙwarin duniya, alhali tsibirin daga ƙarƙashin teku ya taso. Guguwa ma takan ɗauki ƙwaro ta jefa nesa, mutane kuma sun daɗe suna ɗaukar itace a kwalekwale daga tsibiri zuwa tsibiri.

In kana shakkar tsutsa za ta iya doguwar tafiya a cikin katako, zamaninmu ya gwada mana. A 1996 aka gano wani mai dogon ƙaho ɗan ƙasar Sin, Anoplophora glabripennis, yana kashe itatuwan titi a unguwar Brooklyn ta birnin New York. A cikin katakon ɗaure kaya ya shigo. An sare dubban itatuwa a Amurka don a tare shi. Saboda irin wannan ne ƙasashe suka amince da wata ƙa'ida a 2002, cewa katakon da za a ɗora kaya a kai a ƙetare da shi sai an gasa shi har zafin cikinsa ya kai digiri 56 na tsawon minti 30, ko a yi masa hayaƙin magani, sannan a buga masa hatimi. Ɗan'uwan ƙwaron Wallace na gida ɗaya, Batocera rufomaculata, mai huda mangwaro da ɓaure a Indiya, shi ma yanzu ya kai Turkiyya da Isra'ila da wasu tsibiran Karibiyan.

Wannan zai iya sa ka ɗauka dangin duka ɓarna ce. A gona da lambu, wasunsu ɓarna suke yi, babu musu. A cikin kurminsa kuwa, ƙwaron Wallace ma'aikaci ne. Ƙasar irin wannan daji ba ta da ƙarfin da ganyen ke nunawa. Ruwan sama mai yawa yana wanke ta, yawancin albarkar tana ɗaure a jikin itatuwan da kansu. In babban itace ya faɗi, sai an kwance wannan albarka kafin na baya su samu. Ramukan da tsutsa ke haƙawa su ne ƙofar da ruwa da naman gwari da ƙananan ƙwari ke bi su shiga, gungumen ya ruɓe da wuri ya koma taki.

Wallace ya ga yadda suke son sabon sara da idonsa. A 1855, a Simunjan da ke tsibirin Borneo, ya tarar ana sare wani yanki na daji don buɗe mahaƙar kwal. A ɗan wannan fili ya tara kusan duk nau'i 2,000 na ƙwari masu taurin baya da ya samu a Borneo, kusan 300 daga ciki masu dogon ƙaho. Amma kada wannan ya ruɗe ka ka ce sara alheri ne gare su. Sun taru a wurin ne domin akwai babban daji a tsaye ta kowane gefe, daga cikinsa suka fito, kuma cikinsa 'ya'yansu za su koma. Abin da ƙwaron ke bukata shi ne daji mai itatuwa na kowane shekaru, inda kullum akwai wani da ke tsufa, wani ya karye, wani ya faɗi jiya. In aka share daji duka aka shuka abu iri ɗaya, za su yi biki na shekara ɗaya a kan gungumen da aka bari, daga nan babu inda mace za ta kai ƙwanta. A tsibiri kuma abin ya fi muni, don babu dajin maƙwabta da za a gudu a fake.

Aru ta kusa ganin haka. A 2013 ya fito fili cewa an ba wani rukunin kamfanoni izinin mayar da fiye da rabin ƙasar tsibiran gonakin rake. Mutanen Aru suka ƙi. Dattawan ƙauyuka da mata da ɗalibai da malaman coci suka tashi tsaye, suka yi zanga-zanga a Dobo, 'yan'uwansu a birnin Ambon suka kai kukan intanet har duniya ta ji. A 2014 ministan gandun daji na Indonesiya ya sanar cewa an janye shirin. Wasu kamfanonin sun sake dawowa da wasu buƙatun bayan haka, amma har yanzu mafi yawan ƙasar Aru daji ne.